Fitilar Kabarin Gwaggo Serafina

Pietramara, farkon watan Maris

Ƙanena Saverio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wasiƙar nan za ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Jamus da ba ka gajiya da kuka da shi? Mu nan lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah. Mama na gaishe ka, maigidana Gaetano na gaishe ka, 'yar tawa Rosalba kuma ta ce in tuna maka takalman da ka yi mata alkawari, don ƙafarta ba ta jiran kowa.

Albishirinka, ko da yake ni kaina ban san ko albishir ba ne. Maganar marigayiya Serafina, ungozomar nan da duk gari ke kira Gwaggo, ta motsa. Takardun nan da Fada Ottavio ya yi shekaru yana safa da marwa da su sun shiga, Bishop ya buɗe bincike don a duba ko za a sa ta cikin waliyyai. A takarda yanzu Baiwar Allah ake kiranta. Ranar da aka sanar a coci sai ka ce mun ci kofin duniya. An naɗa Gaetano shugaban kwamiti, tun daga ranar kuwa kunnena bai huta ba. Har ya fara hango motocin masu ziyara, da sabuwar hanya, da samarin garin nan sun daina tafiya ci-rani irin naka.

Yanzu haka firistoci uku ne zaune a ɗakin bayan coci. Suna kiran tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, mutum ya ɗora hannu a kan Linjila, su yi ta jero masa tambayoyi. Akwai wani siriri a cikinsu, shi aikinsa kawai neman aibinta. Ka ji fa! Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ta wanke gawar sauran rabin, ba ta taɓa karɓar ko ƙwai ɗaya ba. Melina mai burodi ta ba su labarin ranar da Gwaggo ta jefi wani mashayi da takalmi don ya daki matarsa da tsohon ciki, siririn nan ya rubuta, har yana tambaya ko ta same shi.

In sun gama, a ɗaure takardun a buga hatimi a kai Roma. Roma ta karanta a tsanake, ta nemi wata waraka da likitoci suka kasa bayaninta, sannan a kira ta Mai Albarka. A sake samun wata, sannan a ce waliyya. Mu da muka san ko ita wace ce tun masu binciken suna rarrafe, an ce mu yi shiru mu jira.

To ga inda gizo ke saƙar. Shekaranjiya Fada ya zo gida, Mama ta ɗora kofi, ya ce a'a. Tun nan na san akwai magana. Ka taɓa ganin Fada Ottavio ya ƙi kofi? Wai akwai doka: kafin Paparoma ya yi magana, ba a girmama mamaci a fili kamar waliyyi. Ba hoto mai da'irar haske a ka, ba zukatan azurfa a kabari, ba sandunan guragu, ba fitila. Bayan Ista Bishop zai aiko mutum ya duba kabarin da idonsa, in ya ga ko ɗaya daga ciki, magana ta tsaya. Da ya zo kan fitila, takalminsa yake kallo.

Mama tana murza taliya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Fada, ni da ita muka yi maganarmu, Bishop ba ya wurin."

Kai labari ka ji, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ranar. Kana ɗan shekara huɗu sanƙarau ya kama ka, wuyanka ya ƙi lanƙwasuwa, likita ya rufe jakarsa ya ce a kira Fada. Mama ta fita ba takalmi har maƙabarta, ta yanke jelar gashinta ta rataye a kabarin Gwaggo, wadda ko shekara ba ta yi da rasuwa ba, ta yi bakance: in ka tashi, fitila ba za ta mutu a kabarin nan ba muddin kana numfashi. Kafin ta dawo ka buɗe ido ka nemi ruwa. Shekara talatin ke nan, ko ruwa ko iska, kullum safiya tana hawa tudun nan da kwalbar man zaitun.

Wani abu kuma, tunda na tuna. Ɗan Melina da ya zo Kirsimeti ya ce kana tafiya a kan ƙarfe can ƙololuwar gini ba ka ɗaura igiya, in shugaban aiki ya yi faɗa ka ce ai fitilar tsohuwarka na ci. Ban faɗa wa Mama ba. In gaskiya ne, ba ka da hankali, Saverio, kuma ba yau na fara gaya maka ba.

Ka rubuto wa Mama. Maganarka kaɗai take ji, ɗan lele. Allah ya tsare.

Yayarka,
Filomena

Pietramara, ana saura mako Ista

Saverio,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kana lafiya kai da abokan ɗakinka. Katinka mai hoton gada ya iso. Layi biyu! "A gaishe da Gwaggo, a ce ta yi haƙuri da mutanen Roma." Ni na zauna na cika takarda, kai ka mai da abin wasa. Mama kuwa ta sumbaci katin ta soke shi a jikin madubi, duk wanda ya shigo sai ya gani.

An share kabarin. Gaetano da 'yan kwamitinsa suka hau da kwanduna. Ban san yawan abin da ke bangon nan ba sai da aka fara cirewa: zukatan azurfa da suka yi baƙi, sandunan guragu, rigunan jarirai, mayafin wata amarya. An sauke gashin Mama ma, baƙi wuluk kamar jiya aka yanke, na riƙe shi a hannu ina kallon furfurarta. An kai komai wani ɗaki a bayan coci an kulle. Mata suna kuka suna taimakawa da ɗauka. Babban hoton Gwaggo na shagon aski kuwa, mai askin ya shafe da'irar hasken da shuɗin fenti, yanzu sai ka ce kwando ta ɗauko. Fitila kaɗai ta rage a alkukinta.

Gari ya juya wa Mama baya. Matan da suka sha zuwa roƙon ɗigon man fitilar su shafa wa 'ya'yansu a goshi, yanzu in ta shigo gidan burodi sai kowace ta ga abin kallo a rufi. Melina ta faɗa a gabana, "Wasu dai ɗansu kaɗai ne ɗa. Gwaggo ta yi musu rana, su za su yi mata dare." Na ce, "Melina, ki ji da tandarki, burodin jiya ma rabinsa gawayi ne." Na ba ta amsa kam, amma maganar ta bi ni har gida.

Fada ya sake zuwa. Ya ce yana da ikon warware bakance, ya musanya mata da azumi ko sadaka. Ta ce, "Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, Fada. Sha kofi." Wannan karon ya sha.

Ni da Gaetano kuwa ba ma ga maciji. Ya ce uwata za ta toshe wa gari arziki saboda cokalin mai, na ce ya bar uwata ya nemi abin yi. Sai ya zo da dabara a wurin cin abinci: a kashe fitilar da safe ranar da baƙon Bishop zai zo, da yamma a kunna, wa ya sani? Mama ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kawo hancinka in toshe da safe, da yamma in buɗe." Rosalba ta yi dariya har ta ƙware da miya.

Daga baya dai an samu mafita, ko abin da suke kira mafita. Ranar, Mama za ta ɗauki wutar da kyandir ta kawo ta gida aro, da yamma ta mayar. Wuta ba ta mutu ba, baƙo bai gani ba. Mama ta yi ta juya maganar, daga ƙarshe ta ce to, tunda wuni ɗaya ne, Gwaggo za ta gane. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Melina har ta aiko da burodin Ista mai ƙwai a tsakiya, ba kunya.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. In fara ɗinki in ajiye, in ɗora tukunya in manta, jiya sau biyu na zuba gishiri. Ba mu saba yi wa coci wayo ba, kuma ka san Mama ba ta iya rufa-rufa ba, ko kyautar Kirsimeti ba ta iya ɓoyewa.

Ɗan Melina ya sake zuwa gida, na ba shi busassun ɓaure da tsiran alade mai barkono ya kawo maka, ka tambaye shi kafin ya cinye. Ba ka ce komai a kan igiyar ba. Na lura.

Taka,
Filomena

Pietramara, bayan Ista

Ƙanena,

Ina fata kana lafiya, kuma ka yi Ista lafiya in ma sun ba ku hutu. Mu lafiyar jiki dai akwai.

Baƙon ya zo. Wani tsohon babban firist ne mai dogara sanda, Monsinyo suke ce masa, da magatakardansa. Da sassafe Mama ta ɗauko wutar, tana kare ta da tafin hannu tun daga tudu har gida, ni ina biye da fitilar a kwando. Gaetano ya sa an wanke kabarin fes, an ajiye furanni kamar na kowa. Rabin gari ya hau da kayan Lahadi, kowa ya yi fuskar wanda bai taɓa jin sunan Serafina ba.

Tsohon ya zagaya a hankali. Ya kalli bango, ramukan ƙusa sun fi a ƙirga. Ya tsaya a alkukin, ya sa yatsa ya shafo baƙi, ya shinshina. An goge, an sake gogewa, amma hayaƙin shekara talatin ba ya jin sabulu. Can sai ya ce doka ta ce sai shaida ya rantse, a kira masa mai kula da kabarin. Wannan ce Gaetano bai sani ba, shi da yake cika baki ya haddace dokar.

Mama ta ɗora hannu a kan Linjila. Gaetano yana bayan Monsinyo yana ta ƙifta mata ido sai ka ce ƙwaro ya faɗa masa. Tsohon ya ce, "Uwa, ana kunna wa Baiwar Allah fitila a nan?"

Mama ta ce, "Yanzu babu. Da yamma akwai."

Wayyo Saverio! Melina ta ɗora hannu a ka, wani ya ɗura ashar a tsakiyar maƙabarta, Fada Ottavio ya zauna a kan kabarin wani bai ma sani ba. Ni kuwa, tsakanin kunya da alfahari, na matsa na riƙe hannun Mama.

Monsinyo bai yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya sallami kowa, ya bar ni in riƙe ta. Ya sa ta ba shi labarinka tun daga farko, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Ya ce dokar ba don ƙin Gwaggo aka yi ta ba. A dā kowane ƙauye kan naɗa waliyyinsa, har da waɗanda ba su cancanta ba, shi ya sa coci ta ce a bari a bincika tukuna. Ya ce Mama ta roƙi Gwaggo a zuci yadda take so, ta kunna fitila goma a ɗakinta, ba mai hana ta. Mama ta ce, "Ban ce mata ɗakina ba, ranka ya daɗe. Kabarinki na ce."

Ya ce to in fitilar ta dawo nan, dole ya rubuta, in ya rubuta kuwa takardun ba za su bar ofishin Bishop ba. Mama ta ce, "In na cire, har yaushe?" Ya ce har Roma ta kira ta Mai Albarka. Ta ce, "Wato yaushe?" Ya ce wasu shekara ashirin, wasu ɗari biyu, wasu har yau ana jira.

Ka ga wautarmu? Duk garin mun ɗauka irin zuwan sufeton makaranta ne, a share, a yi murmushi, ya tafi a koma yadda ake.

Ya ce yau bai rubuta komai ba, zai dawo Lahadi ta sama. Da yamma Mama ta mayar da wutar, ba wanda ya raka ta sai ni. An daina amsa mana gaisuwa. Gaetano a gidan uwarsa yake cin abinci yanzu, ta sha fama.

Bari in faɗa maka gaskiya. Ni ban yarda man zaitun ne ke riƙe mutum a kan ƙarfe ba, na sha faɗa a gaban kowa. Amma da na ji "ɗari biyu" sai na ga girman abin. In Mama ta bar fitilar tana ci, ta hana Gwaggo abin da ta cancanta, garin nan kuma ba zai yafe mata ba har ta shiga kabari. In ta kashe wani abu ya same ka, ita ba za ta yafe wa kanta ba, ni ma ban san da wane ido zan ƙara kallon Gaetano ba. Ina tsoro, Saverio. Na rasa wanda zan roƙa, tunda wadda muka saba roƙo ita ce a tsakiyar rigimar.

Don girman Allah ka rubuto, ko ka bugo gidan waya a kira ni. Ka ce mata ka yafe, ko ka ce kada ta yi, ka dai ce wani abu. Allah ya kiyaye ka.

Yayarka da ta rasa inda za ta sa kanta,
Filomena

Pietramara, ranar Litinin

Saverio ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma yau ba don al'ada na rubuta haka ba. Ba mu ga wasiƙarka ba. Ko tana hanya, ko ba ka rubuta ba, yanzu duk ɗaya ne.

Duk kwanakin nan Mama ta yi ta hawa tudun kamar kullum, sai dai takan daɗe ba ta sauko ba. Ba ta yi shawara da kowa ba, abinci ma sai na tsaya a kanta. Sau ɗaya ta tambaye ni ko Gwaggo tana da dangin da suka rage. Na ce babu, ai kin sani, ba ta yi aure ba, 'yan'uwanta duk sun tafi. Ta ce, "Ashe ba ta da kowa sai mu."

Jiya bayan sujada ta cire takalmanta a ƙofar coci ta miƙo min. Na ce, "Mama, duwatsu fa." Ta ce, "Sun san ƙafata." Ta kama hanyar tudu, mutane suka biyo ta daga nesa. Monsinyo yana can ya riga mu. Ba ta ko kalle shi ba. Ta tsaya a gaban kabarin ta yi magana kamar yadda take yi da maƙwabciya ta kan katanga.

Ta ce, "Serafina, ke kika fito da shi duniya, ke kika dawo min da shi. Shekara talatin ina zuwa da buƙatata, ban taɓa tambaya ko kina da taki ba. Yau taki ta faɗo hannuna. Zan saɓa miki alkawari saboda ke. In da laifi ki ɗora a kaina, ki bar min yaro."

Ta lashi yatsu biyu ta matse lagwanin. Ɗan hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Na ɗauka zan ji wani abu, tsawa ko ƙararrawa. Ba komai, sai akuyar wani tana kuka a gindin tudu.

Ta rantse cewa babu fitila, magatakarda ya rubuta. Monsinyo ya sunkuya ya sumbaci hannunta, hannun da ke ƙamshin mai. Melina ta taho da kuka za ta rungume ta, Mama ta ce, "Matsa, kin taka min ƙafa." Gaetano kuwa ya karɓi takalman a hannuna, ya durƙusa ya sa mata da kansa, bai iya ɗago kai ba. An ce da kaka takardun za su tafi Roma.

A gida ta wanke fitilar da toka da lemun tsami, ta naɗe ta a farin ƙyalle. Na miƙa hannu, ta wuce ni ta ba Rosalba. Ta ce, "Ke ma ba lalle ki kai ba, Filomena. Ranar da Roma ta yi magana, wannan ta hau ta kunna. In ita ma ba ta kai ba, ta ba 'yarta." Na ce ko a kunna wata a ɗaki, ai Monsinyo ya halatta. Ta ce a'a, ba za ta yi wa kanta ƙarya ba.

Yau da safe ta tashi lokacin da ta saba, ta ɗauki kwalbar mai, sai da ta kai bakin ƙofa ta tuna. Ta zauna a dakali da kwalbar a cinya. Ɗazu babur ɗin gidan waya ya shigo layinmu, ta miƙe tsaye, ba ta zauna ba sai da ya sha kwana. Ni ma ashe na miƙe.

Na faɗa mata maganar igiyar. Ka yi fushi in ka ga dama. Ta ce, "Da kin faɗa min kafin jiya..." ba ta ƙarasa ba, ni ma ban so ta ƙarasa ba. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce in ɗauko takarda, in rubuta daidai yadda ta faɗa, kada in gyara ko kalma ɗaya. Ga shi:

"Saverio ɗana, shekara talatin ina riƙe da kai daga nan. Na saki. Ka ɗaura igiya."

Ka ji dai. Ka amsa da hannunka ko layi ɗaya ne, tana dakali tana jira.

Yayarka,
Filomena